Me ya sa birkin baya na a-kori-kura yake cijewa?



Wata ranar Litinin na shiga wata tsohuwar a-kori-kura zuwa kasuwar Mayahi. Da safe motar cike take. Ga buhunan wake, ga awaki, ga mutane a bisa kaya. Sau biyu direba ya taka birki da ƙarfi a hanya. Duka biyun mota ta tsaya daidai.

Da la'asar muka juyo. An sauke kaya duka. Mu biyar kawai muka rage a baya. Sai wani jaki ya faɗo hanya. Direba ya taka birki. Tayoyin baya suka daina juyawa, suka shiga jan ƙasa. Bayan motar ya goce, ya zagayo. Kafin mu ankara, ga mu muna kallon inda muka fito. Allah ya kiyaye, motar ba ta kife ba. Amma wata tsohuwa ta bugu a haƙarƙari, sai da aka kai ta likita.

Direba ya sauko yana ta rantsuwa: "Wallahi da safe lafiya lau birkin nan yake!"

Gaskiya ya faɗa. Mota guda ce, direba guda, hanya guda. Abin da ya sake tsakanin safe da la'asar shi ne nauyin kaya. Yau za mu bayyana dalili. Bayanin ya shafi direba, da yaron mota, da mai mota, da duk wanda ke hawa baya ranar kasuwa.

Motocin da muke magana a kansu

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, a-kori-kura ce jakin ƙarfe. Wasu suna ce mata bashe. Ita ke kai hatsi, wake, gujiya da riɗi daga ƙauye zuwa kasuwa. Ita ke zuwa Urafan, Korgom, Maijirgi, Kanambakashe, Isawan da Cake. Ita ke ɗaukar mara lafiya idan dare ya yi.

Yawancinsu sun tsufa. Kamfanin Peugeot ya fito da mota 404 a shekara ta 1960, ya fito da 504 a 1968. An daɗe ana haɗa 504 a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Kamfanin Toyota ya soma ƙera Hilux a 1968. Yau Toyota ce ta fi yawa a hanyoyinmu.

Sababbin motoci suna da wata na'ura mai suna ABS. Ita ke hana taya cijewa. An soma sa irin ta zamani a motocin Mercedes a Jamus a 1978. Tsofaffin a-kori-kura da yawa ba su da ita. Abin da suke da shi wani ɗan ƙarfe ne a ƙarƙashin mota. Shi ne za mu yi magana a kansa. Amma mu fara da birkin kansa.

Yadda birki yake aiki

Birki, wanda wasu ke ce ma furen, da mai yake aiki. Sunansa man birki. Direbobi da yawa suna ce masa lokid.

Direba ya taka birki da ƙafa. Ƙafarsa ta tura babban famfo da ke gaba, kusa da inji. Famfon ya tura mai cikin siraran bututu na ƙarfe. Mai ba ya matsuwa. Idan an tura shi nan, sai ya tura can. Haka ƙarfin ƙafar direba yake isa ga tayoyi huɗu.

A gaba, yawancin motocin nan suna da faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Fatun birki biyu suna matse shi, kamar yadda ake matse faifai tsakanin tafin hannu biyu.

A baya akwai kwanon ƙarfe, makanikai suna ce masa tambur. Cikinsa akwai takalman birki biyu da ƙaramin famfo. Idan mai ya zo, ƙaramin famfon ya buɗa takalman, su goga cikin tambur, taya ta rage gudu. Idan direba ya ɗaga ƙafa, wasu ƙananan sifirin su jawo takalman su koma wurinsu.

Me ya sa cijewar baya ta fi haɗari?

Duk wanda ya taɓa hawa mota ya san abu guda. Idan an taka birki, jikin mutum gaba yake tafiya. Nauyin mota ma haka yake yi. Hancin mota ya duƙa, bayanta ya yi sauƙi. Kamar jaki ne mai gangara tudu: kaya sai su zamo wajen wuyansa.

To, taya tana kama ƙasa gwargwadon nauyin da ke bisanta. Tayar gaba ta samu ƙarin nauyi, tana iya ɗaukar birki mai ƙarfi. Tayar baya ta rasa nauyi. Idan an ba ta birki mai ƙarfi, sai ta daina juyawa. Wannan shi ne cijewa.

Taya mai juyawa tana bin hanyarta. Tayar da ta cije ba ta san gaba ba, ba ta san gefe ba. Duk inda aka ture ta, nan take sulɓewa, kamar ƙwarya a bisa laka.

Idan tayoyin gaba suka cije, mota ta ƙi jin sitiyari, amma tana tafiya miƙe. Idan na baya suka cije, bayan mota ya nemi wuce gabanta. Mota ta juya a gicciye. Idan taya ta tarar da rairayi ko bakin rami a gicciye, sai mota ta kife. Waɗanda ke zaune a baya ba su da abin da zai tare su.

Saboda haka masu ƙera mota suka tsara kada baya ya riga gaba cijewa.

Ga kuma matsalar a-kori-kura. Ana ƙera ta don ta ɗauki wajen ton 1. Buhu 10 ke nan masu kilo 100. Kusan duk nauyin nan a bisa tayoyin baya yake sauka. Idan tana cike, baya yana bukatar birki mai ƙarfi. Idan babu kaya, wannan ƙarfin ya yi ma baya yawa. Wa zai gaya ma birki ko akwai kaya ko babu?

Mai rabon ƙarfin birki

Wanda ke wannan aiki shi ne ɗan ƙarfen da muka ambata. Da faransanci makanikai suna ce masa kwarektar. Mu nan za mu kira shi mai rabo. Aikinsa irin na uwar gida ne wajen rabon tuwo. Ba ta zuba ma yaro kwanon babba.

Iri biyu ne.

Na farko ba ya auna kaya. Yawanci yana kusa da babban famfo. Idan an taka birki a hankali, yana barin mai ya wuce gaba da baya daidai. Idan an taka da ƙarfi, sai ya rage rabon baya.

Na biyu yana auna kaya. Shi ne ake samu a tsofaffin Hilux da makamantansu. Yana liƙe a jikin shasi, can baya. Wata doguwar siririyar sanda ta fito daga jikinsa. Ƙarshenta yana ɗaure a pon, wato babban ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu.

Ga yadda yake aunawa. Idan an loda kaya, jikin mota ya sauko kusa da pon. Sanda ta danna mai rabo. Shi kuma ya buɗe hanya, mai ya tafi baya da ƙarfi. Idan an sauke kaya, jikin mota ya tashi. Sanda ta saki. Mai rabo ya rage ƙarfin da ke zuwa baya.

Ke nan mai rabo ba ya ganin buhu. Tazarar da ke tsakanin shasi da pon kawai yake ji. Duk abin da ya sake wannan tazara, ya ruɗe shi.

A lura da abu guda. Idan ana taka birki a hankali, ba a jin aikin mai rabo. Mota tana iya yin wata da watanni da lalataccen mai rabo, direba bai sani ba. Sai ranar da yaro ko dabba ya faɗo hanya.

Abubuwan da ke ɓata mai rabo

1. Sanda ta karye ko ta lanƙwashe. Kututture da tudun rairayi na tsakiyar hanya suna bugun ta. Motar da na ba ku labari, wannan ne ciwonta. Makaniki ya tarar sandar ta karye tun tuni. An ɗaure guntunta da waya a sama, kamar mota tana cike kullum. Da safe da kaya, ƙarya ta zo daidai da gaskiya. Da la'asar ba kaya, asiri ya tonu.

2. Tsatsa da laka sun ƙame shi. A damina mota tana ratsa ruwa da taɓo. Idan robar da ke rufe bakinsa ta yage, ƙasa ta shiga. Sai ya tsaya wuri guda. Idan ya tsaya a buɗe, baya ya riƙa cijewa. Idan ya tsaya a rufe, baya ba ya samun ƙarfi.

3. An cire shi. Wani makaniki idan ya ga yana yoyo, sai ya cire shi, ya haɗa bututu kai tsaye. Direba ya ji birki ya ƙara kamawa, ya yi murna. Bai san an kwance masa tarko ba.

4. Sifirin na baya sun gaji. Su ne dogayen ƙarafan da ake ce ma lam. Shekara da shekaru na lodi suna kwantar da su. Mota ta zauna ƙasa ko ba kaya. Mai rabo ya ɗauka tana cike, ya ba baya cikakken ƙarfi.

5. An ƙara lam. Masu mota da yawa suna ƙara lam don ta ɗauki kaya fiye da ƙima. Bayan mota ya tashi sama, kuma ba ya saukowa sosai ko an loda. Mai rabo ya ɗauka babu kaya. Sai ya rage ma baya ƙarfi alhali mota tana cike. Aiki duka ya koma bisa birkin gaba. Gaba ya yi zafi, mota ta ƙi tsayawa da wuri. Duk wanda ya taɓa lam, dole a sake daidaita sandar mai rabo.

Ba kullum ne laifin mai rabo ba

Kada a yi gaggawar sayen sabon mai rabo. Sau da yawa ciwon yana wani wuri. Ga waɗanda aka fi gani.

Mai ya jiƙa takalman birki. Ko man pon ya ɓullo ta zoben roba da ya mutu, ko ƙaramin famfo yana yoyo. Mutum zai zaci mai santsi zai kawo. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa takalmin da ya sha mai da ƙura danƙo yake yi, ya cafke tambur farat ɗaya.

An matse takalman da yawa wajen daidaitawa. Ko an sa su a juye, na gaba a wurin na baya. Ko fatar takalmi ta ɓamɓare. Ko ƙananan sifirin masu jawo su sun saki.

Wayar birkin hannu ta yi tsatsa. Direba ya sauke birkin hannu, amma takalman ba su koma ba.

Tambur ya cinye, ko ya daina zama da'ira. A jikin tambur ana rubuta iyakar faɗin da bai kamata ya wuce ba. Makaniki mai karatu zai duba.

An sa ƙaramin famfo na wata mota. Idan ya fi na asali faɗi, zai tura takalman da ƙarfin da ya wuce kima.

Birkin gaba ya yi rauni. Wannan yana ruɗin mutane ƙwarai. Idan fatun gaba sun cinye, ko famfonsu ya ƙame, ko iska ta shiga bututun gaba, mota ba ta tsayawa. Direba ya ƙara dannawa. Baya, da ke da lafiya, ya cije. A je a yi ta kwance baya, alhali ciwon yana gaba.

Tiyon roba ya ruɓe daga ciki. Tsakanin shasi da pon akwai tiyo mai lanƙwasa. Daga waje lafiya lau. Daga ciki roba ta kumbura. Mai yana wucewa idan an taka, amma ba ya komowa. Birki ya kama ya ƙi saki.

Tayoyi. Tayar baya da ta gama cinyewa ba ta kama ƙasa. Haka tayar da aka cika ma iska don kaya, aka bar ta haka bayan an sauke. Haka kuma idan amortiser ya mutu: a hanyar burji mai gargada, taya tana tsalle, kuma tayar da ke sama nan take take cijewa.

Danshi. Bayan ratsa ruwa, ko da safe a damina, cikin tambur yana yin ɗan tsatsa. Takun farko sai ya cafke. Wannan yana wucewa idan an tafi a hankali ana ɗan taɓa birki har ya bushe.

Yadda ake gano ciwon

Likita ba ya ba da magani sai ya yi tambaya. Makanikin kirki ma haka. Tambayoyi uku ne.

Tambaya ta farko: taya ɗaya ce ke cijewa, ko duka biyu?

A nemi fili mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, inda babu mutane babu dabbobi. Mota ba kaya, ba fasinja. Mutum guda ya tsaya can nesa a gefe yana kallo. Direba ya taho da gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba. Ya taka birki da ɗan ƙarfi. Sannan a sauka a duba sawu a ƙasa.

Idan taya ɗaya ce ta ja ƙasa, ciwon yana cikin tambur. A buɗe duka biyu a gwada su. Mai rabo ba ya zaɓen taya guda a irin motocin nan, don bututu guda ne ke ciyar da tayoyin baya biyu.

Idan duka biyun baya sun ja ƙasa, na gaba ba su ja ba, a duba birkin gaba tukuna. Idan gaba lafiya yake, sai a koma ga mai rabo.

Tambaya ta biyu: da kaya take yi, ko ba kaya?

Idan sai ba kaya take cijewa, a zargi mai rabo, da sandarsa, da lam. A leƙa ƙarƙashin mota. Sandar tana nan? A miƙe take? Tana ɗaure a pon? Mutum biyu su hau baya su sauka, wani yana kallo daga gefe. Ya kamata a ga sandar tana motsi.

Tambaya ta uku: idan an ɗaga ƙafa, birkin yana saki?

Bayan ƴar tafiya, a kusantar da hannu ga kowace taya ta baya. Kada a taɓa ƙarfen, yana iya ƙuna. Wadda ta fi zafi, ko take warin ƙuna, birkinta ba ya saki.

Sai makaniki ya ɗaga bayan mota. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba. A tokare shasi da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak kaɗai. A taka birki, a saki, a juya taya da hannu. Idan ta ƙi juyawa, makaniki ya ɗan kwance kusar cire iska da ke bayan tambur. Idan mai ya yi tsartuwa, taya ta saki, to mai ne ya maƙale: a duba tiyo, da mai rabo, da babban famfo. Idan an kwance kusar amma taya ba ta saki ba, ciwon na ƙarfe ne: takalma, sifirin, ko wayar birkin hannu.

Cikakken gwajin mai rabo da agogon awo biyu ake yin shi. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Makaniki ya gwada abin da suka nuna da abin da littafin motar ya ce. Idan garejin garinku ba shi da su, tafiya Maraɗi ta fi tafiya asibiti sauƙi.

Wajen gyara: abin yi da abin bari

A sake takalman birki na tayoyin baya biyu tare. Idan an sake gefe guda, mota za ta riƙa ja gefe.

Takalmin da ya sha mai, a jefar da shi. Wanke shi da fetur ko ƙona shi da wuta ba ya fitar da man da ya shige ciki. Kuma a toshe inda man ke fitowa, in ba haka ba sabon ma zai jiƙe.

Mai rabon da ya ƙame ko yake yoyo, a sake shi da irin na motar. Kada a cire shi. Kada a ɗaure sandarsa da waya.

Kada a daƙe bututun taya guda da guduma don tana yoyo. Motar da ke tafiya da birkin taya uku, gefe take fizga.

A zuba man birki na gaskiya, daga gwangwani mai rufi. A murfin tulun mai an rubuta irin wanda motar ke sha: DOT 3 ko DOT 4. Kada a zuba man inji ko man giya. Suna kumbura robobin da ke cikin famfo, birki ya lalace duka. Kada a zuba ruwan sabulu. Ruwa yana kawo tsatsa, kuma yana tafasa a digiri 100. Sabon man DOT 3 sai ya wuce digiri 200 kafin ya tafasa. Abin da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa. Direba ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Man birki da kansa yana shan danshin iska sannu a hankali. Saboda haka ake sake shi duka bayan kamar shekara 2.

Bayan kowane gyara da aka buɗe bututu, a cire iska. Wasu masu rabo suna da tasu kusar cire iska. Kada a manta da ita.

Kada a hure ƙurar cikin tambur da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin takalman birki da yawa suna da wani sinadari da ke cutar da huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Iyayen gida, ku koya ma yaranku na gareji wannan.

Bayan gyara, a koma fili a sake gwaji, ba kaya da kuma da kaya. Kada fasinja su zama abin gwaji.

Araha ba ta ado. Kayan birki ba wurin neman rangwame ba ne.

Idan baya ya cije a bisa hanya

Direba, ka riƙe waɗannan.

Idan ka ji bayan mota ya soma gocewa, ka ɗan sassauta ƙafa daga birki. Da taya ta soma juyawa, za ta sake kama ƙasa.

Ka dubi inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can a hankali. Idan baya ya goce dama, sitiyari ma dama. Kada ka fizga.

Da mota ta miƙe, ka sake taka birki a hankali. Taka, saki, taka. Wannan na motar da ba ta da ABS ne. Mai ABS, dannawa ake a riƙe.

Kada ka ja birkin hannu cikin gudu. Tayoyin baya kawai yake kamawa.

Ka rage gudu kafin kwana, ba cikin kwana ba. Kafin gangara, ka sauko da giya.

Babban magani shi ne rage gudu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Kafin ƙafarka ta kai ga birki, ta ci wannan. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninka huɗu. A bisa burji ko kwaltar da rairayi ya rufe, ta fi haka. Ka fi yin hattara a komowa daga kasuwa, lokacin da mota ba kaya, kai kuma ka gaji, kana son isa gida kafin magariba. Sauri ya haifi nawa.

Fasinja da mutanen gari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Idan an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya hasara. Mu ma muna da abin da za mu iya yi.

Idan kuka ji tayoyin baya suna jan ƙasa duk lokacin da aka taka birki, ku faɗa ma direba. Idan kuka ji warin ƙuna daga taya, ku faɗa. Idan kuka ga mai ya jiƙa cikin tayar baya, ku nuna masa. Ku yi magana da ladabi: "Malam direba, don Allah a duba tayar nan." Idan bai ji ba, ku gaya ma shugabannin tasha. Idan ta kama ku sauka, ku sauka.

Kada ku matsa ma direba ya yi sauri. Kada ku matsa masa ya ƙara buhu bisa lodin da ya riga ya cika.

Masu amalanke da makiyaya, ku duba dama da hagu kafin ku hau babbar hanya, musamman ranar Lahadi wajen Tasawa da ranar Litinin wajen Mayahi. Ku gaya ma yara mota ba ta tsayawa nan take kamar jaki.

Mai mota, ko mutum guda ne ko ƙungiyar gari, ya ware kuɗin birki kamar yadda yake ware kuɗin mai. A duba birki sau biyu a shekara: kafin damina, da kuma kafin jigilar kaka. Yaron mota ya leƙa ƙarƙashi kowace safiya, ya ga sandar mai rabo tana wurinta. Minti guda ya isa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ina nauyin mota yake tafiya idan an taka birki?

2. Me ya sa a-kori-kura mara kaya ta fi saurin cije tayoyin baya?

3. Mene ne aikin sandar mai rabo? Me ke faruwa idan an ƙara lam ba a daidaita ta ba?

4. Taya ɗaya ce kawai ke jan ƙasa. Ina za a fara dubawa?

5. Motar da ke kai hatsi kilomita 30 a awa tana bukatar mita 5 na birki. Mita nawa za ta bukata a kilomita 60?

Wanda ya karanta, ya karanta ma direban garinsu da yaron motarsa. Allah ya kai kowa gida lafiya.